Takardar tambayoyi kan ruwa ta shigo unguwar Aboabo a Kumasi, wa ya kamata ya cika ta?

Maman Sadiya, Aboabo:
Assalamu alaikum jama'a. Wasu samari na zaga unguwarmu da takardar tambayoyi, wai ana son jin ra'ayin mutane kafin a tsara rabon ruwa nan gaba. Da suka shigo gidanmu, mai gidan haya kawai suka nema, shi kuwa bai taɓa ɗaukar galan ba. Mu matan da ke tashi kafin asuba mu jera bokitai a bakin famfo, ko kallo ba mu ishe su ba. Na leƙa takardar, da Turanci take: ka gamsu da ruwa ko ba ka gamsu ba? To ina zan rubuta cewa sai tsakar dare yake zuwa, wani lokacin ma ja-ja? Don Allah, abin nan yana da amfani, ko in sun dawo in kama bakina?

Malam Idi, Asawase:
Wa alaikumus salam Hajiya. Kada ki yi shiru. Yawancin ruwan Kumasi daga dam ɗin Barekese yake fitowa, a kan kogin Offin, sai dam ɗin Owabi da ke ƙarawa, kuma garin kullum faɗaɗa yake. Wanda ba a ji bakinsa ba, babu shi a lissafi. Ga abin da ya fi damuna: kuɗin ruwan gida hawa-hawa ne, lita 5,000 na farko a wata suna da sauƙi, daga nan farashi ya tashi. Gidan haya na Zango mai ɗakuna rututu da mita ɗaya, nan da nan ya wuce wannan iyaka, talaka ya koma biyan na sama. Ki matsa musu su rubuta iyalai nawa ke shan mita ɗaya a gidanku. Hukumar PURC mai sa ido kan harkar ruwa da wutar lantarki, wadda aka kafa a 1997, ita ke yanka farashi, kuma takan yi zaman jin ra'ayin jama'a. Can ma a kai wannan magana.

Nasiru, Tafo:
Mama, na taɓa yin irin aikin nan. Da rana muke shiga gida, wanda muka tarar shi muke tambaya. Ki ce musu ke ce mai ɗebo ruwa, a buɗe miki taki takardar. In sun tambayi nawa za ki iya biya, fara lissafa musu abin da kike kashewa a ruwan leda da galan-galan na masu rijiyar burtsatse.

Alhaji Tanko, Sabon Zango:
Ni abin da nake so a tambaye mu shi ne tushen ruwan kansa. Gine-gine sun ci dajin Owabi, robobi na gangarawa cikin dam, 'yan galamsey, masu haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, sun dagula Offin. Wannan ma muna da ra'ayi a kai.

Maman Sadiya, Aboabo:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Ranar Asabar bayan Islamiyya zan tara matan layinmu. Nasiru, za ka iya zuwa ka karanta mana takardar da Hausa?