Zaman tausayi da nake yi kafin barci ya koma min kuka, in ci gaba ko in bari?

Maman Sadik, Gusau:
Assalamu alaikum 'yan uwa, ku yi haƙuri da tsawon rubutu. Ni nas ce, shekarata 6 a ɗakin yara masu tamowa. Asali ɗakin haihuwa na nema aka ce babu gurbi, ga shi lokacin ina goyo, Inna ke riƙe min yaron in ina aikin dare, ita ma ciwon ƙafa ya matsa mata, sai da ƙanwata ta dawo wajenmu daga Ƙaura. Tun daminar bara na ga zuciyata ta bushe. Uwa za ta riƙe min hannu tana kuka, ni ina lissafin madarar da zan ɗura ta robar hanci, ko gezau. In na koma gida kuma sai tsawa ga yarana.

Wata abokiyar aiki ta turo min sauti na minti 45. Ki lumshe ido, ki kawo fuskar mai wahala, ki shaƙi wahalarsa kamar baƙin hayaƙi, ki fitar masa da sauƙi, a ƙarshe ki faɗaɗa zuwa dukan halitta, har dabbobi da ƙasa da ruwa. Sati 3 ke nan ina yi kafin in kwanta. Yanzu ƙirjina kamar an ɗora dutse, ba na barci sai wajen 2, kuma fuskar wani yaro mai kumburarrun ƙafafu da jan gashi ta ƙi barina. Jiya kuma na ji wai daga addinin Budda abin ya fito. In ci gaba? Ya halatta ma kuwa?

Baban Hanifa:
Wa alaikumus salam. Maman Sadik, daga saman tsani aka fara miki. Wannan na shaƙar hayaƙi sunansa tonglen, na mabiya Budda na Tibet ne, kuma su kansu sai ɗalibi ya zauna da ƙafarsa suke ba shi.

Jin ciwon wani a jikinki daban, tausayi daban. Masu bincike Tania Singer da Olga Klimecki sun gwada wannan da na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa. Waɗanda aka horar su ji ciwon da suke kallo a bidiyo, ɓacin ransu ya ƙaru, sassan da ke aiki lokacin jin zafi, irin su insula, suka ƙara tashi. Da aka koya wa mutanen nan fatan alheri ga mai wahala, sai ɓacin ran ya sauka, sassan shaƙuwa da jin daɗi suka kama aiki. Malaman Budda ma sun san ramin nan: Buddhaghosa, a ƙarni na 5, ya ce baƙin ciki shi ne maƙiyin kusa na tausayi, don kamar da suke yi.

Ajiye sautin nan. Minti 10 kacal, da safe, ido a buɗe yana kallon tabarma. Minti 2 na farko numfashi: shaƙa kina ƙirga 4, fitarwa kina ƙirga 6. Sai ki fara da wanda tuna shi ke sanyaya miki rai, kamar Inna, ki yi mata fatan lafiya da kwanciyar hankali. Sati guda a kanta. Sati na biyu ke kanki, na uku wanda ba ruwanki da shi, kamar mai sayar miki da kayan miya. Majinyaci sai daga baya, kuma wanda ya warke aka sallama. Da kin ji ƙirji ya ɗaure, ki tsaya, ki taka ƙasa da tafin ƙafa, ki ambaci abu 5 da kike gani a ɗakin. A jami'ar Wisconsin, a 2013, minti 30 a rana na sati 2 aka yi har aka ga bambanci a yadda mutane ke taimakon wanda aka zalunta. Ba a buƙatar azabtar da kai.

Abu Ammar, Talata Mafara:
Baban Hanifa, ka tsallake tambayarta ta biyu, kuma ita ce babba. Ƙirga numfashi ba ibadar kowa ba ce. Amma ƙudurta cewa ke kike janye cutar wani da numfashinki, wannan ba namu ba ne, Allah ke yaye cuta. Fatan alherin da ba a ce ga wa ake roƙo ba, mu muna da Wanda muke roƙo. Hajiya, mayar da shi addu'a. A hadisin Muslim, in kika roƙa wa ɗan uwa a bayan idonsa, mala'ika na cewa amin, ke ma Allah ya ba ki irinsa. Kuma hawaye ba laifi ba ne, Annabi (SAW) ya zubar da su ranar rasuwar ɗansa Ibrahim. Ki kai wa malami sautin ya saurara kafin ki sake kunnawa.

Anti Kulu, Birnin Kebbi:
Ƙanwata, ni duk ban yarda a tsaya kan zama ba. Nas ɗaya a bar ta da ɗaki cike, dare uku a jere, babu mai karɓarta ta yi sallah, sannan a turo mata sauti. Wannan ne ciwon. Binciken ma a rage masa gishiri: a 2018 Ute Kreplin da Miguel Farias sun haɗa gwaje-gwajen, suka ga ƙarin tausayin ya fi fitowa inda mai koyarwar yana cikin masu rubuta sakamakon. Mai bincike Willoughby Britton kuma ta tattara illolin irin wannan zaman, har da tsoro, rashin barci da dawowar mugun abin da aka gani. Rashin barci da fuska mai dawowa, in sun wuce sati 2, maganar likitan ƙwaƙwalwa ce, ko a Gusau ko a asibitin Kware. Ba ki faɗa mana ba, kina cin abinci? Yaron nan rasuwa ya yi a hannunki?

Maman Sadik:
Na gode. Amma Baban Hanifa, safe ba nawa ba ne, ga shirin makaranta ga kunu. Kuma ni ban ɗauka ina warkar da kowa ba, Malam. Anti, Kware kuma, ai ban kai nan ba. Gara min kukan da bushewar nan ta da, yanzu ko ba komai ina jin ni mutum ce.

Baban Hanifa:
Bushewar da kukan duk ciwo ɗaya ne, jiki ne ya ƙoshi da ɗaukar zafi. In safe ya gagara, ki yi bayan la'asar, amma a bar aƙalla awa 2 tsakaninsa da kwanciya. Mayar da shi addu'a kuwa bai rage masa komai, tsarin dai kar ki tsallake.

Ɗan Anka:
Sashen ƙasa da ruwa da kuka wuce shi ya ja ni. Mabiya Budda suna koyar da cewa ba abin da ke tsaye shi kaɗai, shi ya sa a Tailan limamansu ke ɗaura wa manyan itatuwa mayafinsu don kar a sare. Mu nan da ido muka gani. A 2010 dutsen zinari da ake daka cikin gidaje a Anka da Bukkuyum ya bar gubar dalma a ƙasar da yara ke rarrafe, yara sama da 400 suka rasu. Sai da aka kankare ƙasar tsakar gida aka zuba sabuwa kafin magani ya yi amfani, don in yaro ya koma kan tsohuwar, gubar ta dawo. Tamowar ɗakinki ma daga gonar da aka kasa zuwa take tasowa. Kar ki zauna ke kaɗai cikin dare ki shaƙe wannan duka.

Abu Ammar:
Har yanzu dai malami bai ji sautin ba.

Maman Sadik:
Anti, eh, a hannuna ya cika, da azumi. Ban iya maganar yanzu. Yau ma aikin dare nake. Zan rage zuwa minti 20, amma fuskarsa ba zan iya cirewa ba, in na cire kamar na yar da shi ne.