Idan Cajin Apple Watch Ya Fara Tsiyayewa

A agogon da ke da layin LTE, wato layin salula na kansa, laifin kan iya zama na layin. Da agogo ya rabu da waya sai ya saki Bluetooth, in bai samu Wi-Fi ba ya kama layi da kansa, in kuma sabis ba ƙarfi, neman nan yakan shanye batir kafin la'asar. A kashe layin na yini guda a gani.

In bayan sabunta watchOS, wato manhajar agogon, matsalar ta fara, a ba shi kwana 2, yakan daidaita. Ya ƙi? A danne maɓallan gefe biyu tare na daƙiƙa 10, ko a raba shi da wayar a sake haɗawa. Lafiyar batir, wato yawan cajin da yake iya riƙewa idan aka kwatanta da sabo, in ta gaza kashi 80, canjin batir kawai.