DT175 yana hawa totur da kansa idan ya yi zafi

Ɗan Agege: Salamu alaikum. Tsohon babur Yamaha DT175 ne, ƙirar 1979 mai shokoziba ɗaya. An cire famfon Autolube, wato wanda ke zuba wa injin man 2T da kansa, yanzu ana haɗa man a tanki. Da sanyi lafiya lau, amma da ya ɗau zafi sai ya riƙa hawa ko an saki totur, fulogi kuma ya fito fari fat. In ƙara girman jet, wato 'yar kafar da fetur ke bi a kafireta?

Bakanike Idi-Araba: Wa alaikumus salam. Malam, kar ka taɓa jet tukuna, iska injin ke sha ta inda bai kamata ba. Injin tu-sitirok ta ɗakin karanshaf yake zuƙo mai, to duk wata 'yar kafa a wurin tana rage mai ta ƙara iska. Abin da ke biyo baya shi ne fistin ya kama.

Fara da wurin da aka cire Autolube. Akwai ɗan bututun da man 2T ke shiga ta nan, masu cire famfon da yawa sukan bar shi a buɗe. Toshe shi. Sai robar da ke tsakanin kafireta da silinda: lanƙwasa ta da yatsa ka ga ko ta tsattsage. In duka lafiya, sil ɗin karanshaf ne, robar da ke hana iska shiga, na ɓangaren magneto, wato hagu. Sai an zare fulayiwil ake kaiwa ga sil ɗin, za ka nemi abin zaro shi mai milimita 27, zarensa na hagu ne. Don Allah ban da guduma, karanshaf lanƙwashewa yake. Sil na dama in ya mutu alamarsa daban: farin hayaƙi mai kauri, man giya yana raguwa.

Mai Sifana: Gaskiyar Oga ce. Ƙari kan mai: fetur kashi 32, 2T kashi 1, kusan mililita 31 na 2T a kowace litar fetur. Masu zuba 2T da ido suna ganin yawansa kariya ne, alhali yana cin gurbin fetur a jet. Fulogi NGK B8ES. Silinda milimita 66 ce, in ta karce a yi mata borin, a ƙara faɗinta da milimita 0.25 ko 0.50. A kasuwar kayan gyara ta Ladipo ka tafi da tsohon fistin a hannu, kar ka saya da baki.

Ɗan Agege: Na gode. Zai iya yashin bakin teku wajen Badagry?

Bakanike Idi-Araba: Zai iya, amma DT ba YZ ba ne, babur ɗin tsere na Yamaha. Abin da ya haɗa su shi ne tsarin Monocross da Yamaha ta sa wa YZ250 a 1975, shokozibar na kwance ƙarƙashin tanki, shi ya sa nauyi ke sama kuma gaba ke son nutsewa a yashi. Koma baya a kan kujera, kar ka sassauta totur. Sanyin iska ne injin, yashi mai zurfi a ƙaramar giya dafa shi yake. Soson iya kilina a shafa masa mai a matse, in an dawo a wanke sarƙa da cikin birki da ruwan daɗi saboda gishiri.