Neman kalma: me za mu kira "powered stage monitor"?

Mai Jita:
Salamu alaikum jama'a. Masu kaɗa jita da yawa yanzu suna ajiye manyan amfilifaya, wato akwatunan ƙara wa jita sauti, saboda nauyi. Amfilifayar Fender Twin Reverb ta kai kilo 29, Vox AC30 ta haura 30. A madadinsu ana ɗaukar sifikar nan da ake kwantarwa a ƙasa gaban makaɗi, fuskarta na kallonsa, amfilifayarta a cikinta. QSC K10.2, alal misali, ba ta kai kilo 15 ba. Ya za mu ce da ita da Hausa? "Monita" dai allon kwamfuta ya riga ya cinye sunan.

Malama Mai Fassara:
Wa alaikumus salam. Kada dai wani ya ce "sifikar sa ido". Ba ido take wa aiki ba, kunne ne. Aikinta makaɗi ya ji abin da yake kaɗawa, tunda manyan sifikun taro sun ba shi baya.

Ɗan Kiɗa:
To "sifikar jin kai" mana.

Malama Mai Fassara:
Haba ƙanena, sai a ce sifikar ce ke da girman kai!

Injiniyan Sauti:
Kafin a raɗa suna, a san jaririn. Sifikar da ke cikin amfilifayar jita ba ta faɗin gaskiya, kuma da gangan ne. Daga wajen haz 5,000 (haz ma'aunin kauri ko sirantar sauti ne) zuwa sama take fara yanke sauti, shi ya sa kaushin sautin jita (distortion) ke fitowa da taushi. Wadda muke nema wa suna kuwa tana da ƙaramar sifika ta siririn sauti da ke kaiwa kusan haz 20,000, abin da ka ba ta shi za ta mayar maka. Ka jona mata fedal ɗin kaushin sauti, na'urar nan da ake takawa da ƙafa, kai tsaye, za ka ji kamar ƙudan zuma a gwangwani. Dole sai an sa na'urar kwaikwayon amfilifaya a tsakani, irin Line 6 Helix ko Kemper, a kunna kwaikwayon akwatin sifika. In har yanzu da tsami, a yanke sama tsakanin haz 6,000 da 8,000, a yanke ƙasa a 80 zuwa 100, domin kwanciyarta a daɓe tana ƙara mata gumza. Saboda haka ni "madubin sauti" nake gani.

Malama Mai Fassara:
Madubi ya yi, Injiniya. Ba ya ƙara wa fuska komai, kuma mai shi yake fuskanta. Saura "powered".

Ɗan Kiɗa:
"Mai wuta".

Injiniyan Sauti:
A'a. Wadda ba ta da amfilifaya ma ai wuta ce ke motsa ta, daga waje kawai take zuwa. Bambancin kuma ba na wasa ba ne. Mai amfilifaya a ciki siginar layi take karɓa, wato sautin da ba a riga an ƙara masa ƙarfin motsa sifika ba, ta waya mai filogin XLR ko TRS. Wanda ya ɗauko waya daga mafitar sifika ta amfilifaya ya cusa mata, yana iya ƙona mata mashiga. In amfilifayar mai kwalaben lantarki (tube) ce, ita ma taransifomarta na iya tafiya, don ba a barin ta ba sifika a jone. Sunan ya kamata ya gargaɗi mutum. Ina ganin "mai injinsa".

Mai Jita:
Wato madubin sauti mai injinsa, ɗayan kuma mara inji. To wajen zaɓe, mai faɗin inci 10 ko 12? Kuma wat 2,000 da ake rubutawa fa?

Injiniyan Sauti:
Wat ɗin kwali kada ya ruɗe ka, Malam. Yawanci ƙololuwar ɗan lokaci ce, kuma ninka wat sau biyu desibel 3 kacal yake ƙarawa a ma'aunin ƙara. Duba iyakar ƙarar da aka rubuta da desibel. Ga jita, inci 10 ya wadatar, tunda tsirkiya mafi kauri a haz 82 take. Inci 8 ya fi sauƙin ɗauka amma mai ganga da ƙarfin hannu zai danne shi. Inci 12 sai mai jita mai tsirkiya bakwai ko wanda zai haɗa da bes, wato jita mai kaurin murya. Ka tabbata jikinta na da gefen kwanciya, da mafitar da za ta miƙa sauti zuwa mikisa, na'urar haɗa sautuka, sannan makunnin mashiga ya kasance a kan layi, ba makirufo ba. Jita zalla kuma kada ta shiga kai tsaye, tana son mashiga ta musamman mai megaom 1 a ma'aunin turjiyar lantarki, in ba haka ba muryarta dushewa take.

Ɗan Kiɗa:
Sunan bai yi tsawo ba? A kan dandamali wa zai tsaya furta kalma huɗu?

Malama Mai Fassara:
A rubuce a cika shi. A bakin aiki "ƙara min madubi" ya isa, jam'i kuma madubai.

Mai Jita:
Na karɓa. In an ce "madubina na kuka" fa?

Injiniyan Sauti:
Makirufo ne ya fuskance shi. A juya bayan makirufon gare shi, a rage ƙara kaɗan.