Musayar Baitoci a Kan Anwar al-Awlaki

Mai Alƙalami: Assalamu alaikum. Ga baitocin buɗewa a kan mai wa'azin da aka haifa a Amurka a 1971, aka kashe shi a Yaman a 2011, amma muryarsa ta ƙi barin intanet. Na ɗauki amsa-amon "ba", duk mai amsawa ya riƙe shi.

Ɗan Awlaƙi a Amurka anka haife shi,
Turanci a bakinsa bai yi gargada ba.
Ilmin gini ya karanta can Kolorado,
Bai daɗe a zaure gaban malamai ba.
Ya hau mumbari, matasa suka yi dafifi,
Suka ce mai zaƙin baki ba su ga irinsa ba.
Ya zuba sira a faifai, ana ta saye,
Mai saye bai san inda za a kai shi ba.

Ɗan Tsangaya:

Mai Alƙalami, ka yi gaggawar hukunci,
Faifan sirar ban ji aibu cikinsa ba.
Yaron da ya tashi a Landan ba Larabci,
Da shi ya san Badar, ba da littafinka ba.
Kurkukun Yaman ita ta juya shi,
Wata goma sha takwas ba a kai shi kotu ba.

'Yar Malam:

Ɗan Tsangaya, kai ka lashi zumar farko,
Ba ka tambayi masu kurɓar maɗacin ba.
Kurkuku ta ci manya tun kafin shi,
Ahmadu ɗan Hambali ya sha bulala bai ce a zubar da jini ba.
Sha uku suka faɗi a barikin Fort Hood,
Awlaƙi ya kira maharbin gwarzo, bai ji kunya ba.
Ɗanmu Faruƙu ya hau jirgin Ditiroit,
Da bom a wando, Allah bai nufa ya tashi ba.

Ga wanda ya manta, ranar 25 ga Disamba 2009 ke nan, kuma mahaifin yaron da kansa ya je ofishin jakadancin Amurka a Abuja ya kai koke kafin abin ya faru. A 2012 aka yanke wa yaron ɗaurin rai da rai, shi kuwa Awlaƙi, wanda ya shirya shi, yana can cikin duwatsun Yaman lokacin da jirgin ya tashi.

Baƙon Zaure: Allah ya ƙara basira, Malama. Tun da aka fara wannan musaya ban ga wanda ya tsaya gabanki ya tashi da rawaninsa ba, kuma ina ba Ɗan Tsangaya shawara ya koma allo.

Sarkin Kari: Baƙo, yabonka ya yi gaba, kunnenka ya tsaya a baya. Ɗangon da aka sa Imamu Ahmad a ciki ya fi ɗan'uwansa tsawo nesa ba kusa ba, har mai rerawa zai nemi ruwa kafin ya kai ƙarshensa. Sannan amsa-amon "ba" na masu neman sauƙi ne, domin kowace jimlar korewa da shi take ƙarewa, wanda bai taɓa jin sunan aruli ba ma zai jera ɗari. Ga yadda ake yi:

Jirgi marar matuƙi ya zo da safiya,
Ya same shi Jaufu, ya raba shi da duniya.
An kashe maciji, ba a sare kai ba,
Dafin ya riga ya bi ta cikin jijiya.
Faifai ya koma bidiyo a wayar yara,
Gawa tana wa'azi dare da safiya.

'Yar Malam:

Sarkin Kari, ka zo da awo da ma'auni,
Ka auna nawa, ba ka auna naka ba.
Baiti uku, "safiya" har sau biyu,
Rumbun kalmominka bai kai damina ba.
Ka zagi "ba", ga ta a ɗangonka na uku,
Mai dokar barci bai bar gyangyaɗi ba.

Sarkin Kari: Malama, "ba" ɗin da ke ɗangona ba a gurbin amsa-amo take ba, karin magana ne na ɗauko yadda yake. Maimaita "safiya" kuwa da gangan na yi, domin a rufe da abin da aka buɗe da shi.

Baƙon Zaure: Kowa ya yi tuntuɓe sai ya ce rawa yake yi.

Ɗan Tsangaya: Ku gafarce ni, kwana biyu ban leƙo ba, na tarar an bar mutumin ana ƙirga gaɓoɓi. Malama, ban wanke shi daga jinin kowa ba, amma ga abin da kika tsallake:

Ɗan ƙasarsu ne, Obama ya sa hannu,
Alƙali bai zauna ya ji shaidu ba.
Mako biyu bayansa aka kashe ɗansa,
Abdurrahman bai wuce sha shida ba.

'Yar Malam:

A kan yaron na sunkuyar da kai, ƙanena,
Wannan zalunci ne, ban musa maka ba.
Amma jinin ɗa ba ya wanke na uba,
Ɗaliba a Landan ba ta taɓa ganinsa ba,
Ta saurare shi, ta soki ɗan majalisa,
A 2010, ba ta nemi fatawar kowa ba.

Mai Alƙalami: Wannan ɗaliba ita ce abin da na buɗe musayar dominsa, domin tsakaninta da shi babu zaure, babu ijaza, babu malamin da zai ce mata dakata.

Sai 2017 YouTube ya yi shara,
Dubban bidiyo, bai bar na sirar ba.
Shekara shida gawa tana karantarwa,
Masu kwafi ba su jira mai tsintsiya ba.

Sarkin Kari: Malam, ma'anar ta zauna, amma ina so a gaya mini yadda za a rera "2017 YouTube" a ɗango ɗaya ba tare da harshe ya karye ba. Ina jiran wanda zai gwada.