Aurar da 'ya a Garwa ta Kamaru: da me ake farawa?

Uwar amarya, Garwa:
Assalamu alaikum. An kawo kuɗin gaisuwar babbar yarinyar wajena, dangin yaro na son a sa rana nan da wata huɗu. Murna na nan, amma barci ya ƙaurace min. Waɗanda suka riga mu aurarwa, don Allah da me ake farawa?

Ma'aikaciyar jinya, Marwa:
Allah ya sanya alheri, Hajiya. Kafin a tsayar da rana, a yi gwajin jini, su biyun. Na sikila, a asibitocinmu elektroforez ake ce masa, da shi za ku tambaya. In ita AS ce shi ma AS, wato kowannensu na ɗauke da sikila a jini ba tare da ciwon ba, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, mai ciwon sikila. Kowane ciki na ce, ba wai ɗa ɗaya cikin 'ya'ya huɗu ba. Ana iya jera uku duk masu ciwon. A haɗa da na ƙanjamau da na ciwon hanta nau'in B. Inda ake kuskure shi ne a bari sai an kawo lefe an raba goro. A lokacin ko sakamako ya fito da matsala, kunya ba ta barin kowa ya buɗe baki. Kuma babba ɗaya daga kowane ɓangare ya raka su ya ga takardar da idonsa.

Tsohon ma'aikacin rajista, Ngaundere:
Hajiya, ki duba takardar haihuwarta yau ɗin nan. In babu, sai kotu ta ba da hukuncin da za a yi mata sabuwa da shi, wannan kuwa yakan ci makonni. Auren meri, wato na hukuma a ofishin magajin gari, yana bukatar a liƙa sanarwa wata guda kafin ranar. A wajen sa hannu za a tambayi ango da amarya: tsarin mace ɗaya ko fiye da ɗaya, dukiya a haɗe ko kowa da tasa. A tattauna wannan a gida tukuna. Wanda ya sa hannu kan mace ɗaya, doka ba ta ba shi damar ƙara aure a meri muddin na farkon na nan, kuma da yawa ba sa fahimta sai daga baya. Sannan tun dokar hukunta laifuka ta 2016, aurar da wadda ba ta kai shekara 18 ba laifi ne a Kamaru.

Malamin unguwa:
A mazhabar Malikiyya mafi ƙarancin sadaki rubu'in dinari ne, zinari giram ɗaya da 'yan kai. A tambayi farashin giram a wajen masu zinari a makon ɗaurin aure. Sadaki haƙƙin yarinya ne. Kada a zuba shi a kayan ɗaki sai da yardarta.

Uwar amarya, Garwa:
Na gode, Malam. To kayan ɗaki fa?

Kafinta, Garwa:
Inna, kafin ki biya ko sisi, a je a auna ɗakin da igiyar awo, har da faɗin ƙofa da tsayinta. Sau da yawa gado kan iso ƙofa ya ƙi shiga, a kwance shi a tsakar gida mutane na kallo. Ki nemi busasshen katako. Wanda aka haɗa da ɗanye a damina, hunturu na shigowa a Disamba zai tsage, ƙofar kabad ta daina rufuwa. Ki ɗaga katakon: in ya yi nauyi da sanyi a hannu, bai bushe ba. Rabin kuɗi a fara, cikon sai kaya sun shiga ɗaki. Ki faɗa wa mai aikin rana mako uku kafin ta gaskiya.

Mai gyaran amare, Kusuri:
Yaya, dilka da turaren jiki a fara mako biyu zuwa uku kafin biki, halawa kuma kwana uku kafin, don jan fata ya kwanta. Abin da nake roƙonki shi ne baƙin lalle. Wanda ake haɗawa da rinin gashi yana ƙona wasu, hannu ya kumbura ya yi ƙuraje masu ruwa, tabon ya daɗe. A ɗiga kaɗan a cikin damtsenta a jira kwana biyu. In ya yi ƙaiƙayi ko ja, a tsaya a jan lalle na gargajiya da lemun tsami.

Wata kaka, Marwa:
'Yata, gara a bi ta daki-daki. Shinkafa, man gyaɗa, kuka, busasshiyar kuɓewa da daddawa, a saye su tun yanzu a ajiye a kan katako, kada su taɓa ƙasa. Nakiya tana jure watanni, ita za a fara yi. Alkaki da dubulan sai saura kwana huɗu ko biyar, a bar su su huce sarai kafin a rufe a kwalla, in ba haka ba gumi ya sauka su yi laushi. In bikin ya faɗo Maris ko Afrilu, zafin Garwa na haura digiri 40: abincin rana a dafa shi da asubar ranar, miyar da ta kwana ba ta kai azahar. Ɗinki kuma a kai wa tela kafin azumi ya kama.