"Wanzami ba ya son jarfa" ko "mai dokar barci ya ɓige da gyangyaɗi": wanne ya dace da rigimar kotun Hague?

Bakatsine:
Assalamu alaikum. Jiya bayan isha'i muna majalisa aka ɗauko zancen ICC, kotun hukunta manyan laifuka ta duniya da ke Hague. Abokina ya ce Amurka mai dokar barci ce da ta ɓige da gyangyaɗi, ni kuwa na ce wanzami ce, ba ta son jarfa. Har aka watse ba mu daidaita ba. Ga abin da ya jawo gardamar: a Maris 2023 kotun ta fitar da sammacin kama Putin kan kwashe yaran Yukren, Biden ya ce hakan ya dace. A Nuwamba 2024 ta fitar da na Netanyahu da tsohon ministan tsaronsa Yoav Gallant kan Gaza, sai Amurka ta yi tsalle ta dire. Da Trump ya dawo ya ƙaƙaba wa mai gabatar da ƙara Karim Khan takunkumi, a Yunin 2025 ya ƙara da alƙalai huɗu, biyu daga ciki matan Afirka ne, 'yar Uganda da 'yar Benin. Masu Hausa, ku raba mu.

Tsohon Malami:
Wa alaikumus salam. Ɗana, kai ka fi kusa. Mai dokar barci shi ne wanda ya tashi da bakinsa ya ce kada kowa ya runtsa, sannan aka waiga aka ga kansa na sunkuyawa. Sai ka ɗaura wa kanka doka kafin a ce ka karya ta. Amurka kuwa ba ta taɓa zama mamba ba. Clinton ya sa hannu a Yarjejeniyar Roma, wadda ta kafa kotun, a ƙarshen 2000, majalisar dattawa ba ta amince da ita ba, Bush ya janye a 2002. In abokinka na neman masu gyangyaɗi, ya duba Hungari: tana mamba ta shimfiɗa wa Netanyahu darduma a Budafest cikin Afrilun 2025, ta kuma ce za ta fice. Mongoliya ma mamba ce ta karɓi Putin a Satumban 2024. Faransa da take cikin waɗanda suka kafa kotun, ita ce ta fito tana zancen cewa Netanyahu na da rigar kariya.

Jikar Wanzamai:
Baba, a gafarce ni, amma ban so aka jawo wanzami cikin wannan ba. Kakana wanzami ne. Na sha ganinsa ranar suna ya buɗe zabira, ya wasa aska a tafin hannunsa, ya yi wa jariri aski ya cire beli hannunsa ko rawa ba ya yi. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da shi aka zo yi masa allura, sai da kawunnaina biyu suka riƙe shi, ya rufe ido gam. Abin da karin maganar ke faɗa ke nan, kuma da tausayi ake faɗarta, raunin ɗan Adam take nunawa. Shi wanzami kiransa ake yi, aikinsa gyara ne. Kuma in ya ƙi jarfa, kauda kansa kawai yake yi. Bai taɓa zuwa ya karya askar wani wanzami ba. Wanda ya rufe wa alƙali asusun banki don ya yi hukuncin da bai so ba ya wuce tsoron jarfa. Wannan a wurina kashin dankali ne, babba a kan ƙarami.

Tsohon Malami:
'Yata, na karɓi rabin gyaranki. Amma ki tuna, a 2005 Kwamitin Sulhu ya miƙa Darfur ga kotun, Amurka ba ta hau kujerar naƙi ba. Ta bari a tsaga wani da askar da ta ce kada ta taɓa fatarta. Wannan wanzanci ne tsantsa.

Ɗan Damagaram:
To ai shi ya sa mu Nijar da Mali da Burkina Faso muka sanar da ficewa a Satumban 2025. Shekaru da yawa duk wanda aka gurfanar ɗan Afirka ne. Mun gaji da miƙa fuska ana tsagawa.

Ɗan Nyala:
Ɗan'uwa, ka bi a hankali, kada karin maganar wanzami ta dawo kanmu. Mali da kanta ta kai ƙara Hague a 2012, kuma a can aka ɗaure Ahmad al-Faqi al-Mahdi shekara 9 kan rusa hubbaren waliyyan Timbuktu. Wanda ya kira wanzami ya tsaga maƙiyinsa, ya ga askar ta juyo ya ce ya fasa, me za a kira shi?

Mu Hausawan Sudan wannan ba hirar majalisa ba ce a wurinmu. Maƙwabciyarmu tsohuwa ce daga yankin Wadi Salih, ta gudo tun 2003 da 'ya'ya biyu cikin shida. A Oktoban 2025 da aka ce kotu ta samu Ali Kushayb, jagoran mayaƙan Janjawid na Darfur, da laifi, tana zaune kan tabarma da rediyo a cinyarta. Ba ta yi guɗa ba. Hannu ta ɗaga ta ce Alhamdu lillahi, sai hawaye. Shekara 22 tana jira. Babu kotun da ta saurari irinta a Khartoum. Na sani al-Bashir, shugaban Sudan na lokacin da kotun ke nema, har Abuja ya je a 2013 ya koma lafiya, na sani a wannan Oktoban dai birnin El Fasher na Darfur ya faɗa hannun mayaƙan RSF da ke yaƙi da sojojin Sudan aka yi ta kisa. Duk da haka in aka rushe kotun, manyan ƙasashe ba su yi asarar komai ba, ita ce za ta rasa.

Kuma ficewa ba ta wanke abin da ya wuce. Filifin ta fice a 2019, amma a Maris 2025 aka ɗauki tsohon shugabanta Duterte daga Manila zuwa Hague.

Ɗan Damagaram:
Allah ya ji ƙan waɗanda ta rasa. Ban musa maka ba. Amma Hissène Habré, tsohon shugaban Chadi, a Dakar aka yi masa ɗaurin rai da rai a 2016, alƙalan Afirka suka yanke. Ashe muna da namu wanzaman.

Jikar Wanzamai:
Muna da su, yaya. Sai dai Habré ya bar mulki tun 1990 kafin aka iya taɓa shi, kuma waɗanda ya azabtar ne suka yi ta bin shari'ar fiye da shekara 15. Ka nuna min shugaba ɗaya da ya kafa irin wannan kotu yana kan kujera, ya kuma yarda ta binciki sojojinsa.

Bakatsine:
Na gode. Gobe in Allah ya kai mu zan karanta wa abokina maganar tsohuwar nan ta Nyala, in ji ko zai ce wani abu.